Takalman Almustafa a Ƙofar Masallaci

Zana ɗaya ce ta raba rumfata da ta Lawali baduku a kasuwar Tawa. Ni Sadisu gyaran rediyo nake yi, shi dukanci, saboda haka rabon ya tafi daidai: ni da hayaniya, shi da shiru. Za ka wuni kusa da Lawali ba ka ji komai ba sai bugun guduma a kan kirgi, wato jemammiyar fatar sa, da ɗan tarin da yake yi in ƙurar fata ta shige masa maƙogwaro. In ka ba shi labari mai daɗi ya ce "to". In ka ba shi marar daɗi ya ce "to", sai dai ya ɗan ja ta. Na sha yin fushi da shi a kan wannan, don mutum ya kwaso labari da zafinsa tun daga tasha ya kawo maka, ai ko "haba" ka ce masa.

Mutumin Kalfu ne, ɗan baduku jikan baduku. Ya shigo Tawa yana saurayi da wuƙa da basilla cikin burgami, ya auri Maimuna, ya kafa rumfa, bai sake gusawa ba. Gajere ne mai kauri, tabaransa ɗaure da zaren fata tun ranar da ƙafar tabaran ta karye. Ƙafarka yake fara dubawa kafin fuskarka. Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wurin ubansa: takalmin da aka yanka wa mutum nasa ne. Ko mai shi ya shekara bai zo ba, ba a sayar wa wani, ba a ba wani aro. Ni a ganina taurin kai ne, na kuma faɗa masa ba sau ɗaya ba.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Almustafa. Buzu ne daga arewacin Afala, dogo, rawaninsa ba ya barin ka ga komai sai idanu da karan hanci. Farin shekarar tamanin da huɗu ya cinye masa dabbobi kaf, ya sauko Tawa da matarsa Kadidiya da jaririyarsu Salima, suka kafa bukka a bakin unguwarmu. Da ya rasa garke sai ya koma bin kasuwannin ƙauye yana sayen fatu wurin makiyaya, yana kawo wa majema da dukawa. A haka suka haɗu da Lawali. Abotarsu kuwa abin dariya ce. Almustafa zai zo ya hura gawayi ya ɗora shayi, su zauna su sha na fari da na biyu da na uku ba wanda ya ce uffan, in za su rabu sai ka ji suna cewa yau kam an sha hira. Ni ina bayan zana ina cizon yatsa.

Sai dimokuraɗiyya ta zo. Aka yi babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu suka tsiro, kowa ya zama mai baki. Rumfata ta cika da masu sauraron rediyo, har da waɗanda ba su kawo gyara ba. Ni kaina na yi ihu a wurin mitin ɗin jam'iyya har muryata ta dushe. A arewa kuma tawaye ya tashi, ana jin an tare mota, an kai hari, an kashe wane. Lawali bai shiga ko ɗaya ba. Na ce masa ƙasa tana canzawa shi yana nan yana huda fata, ya ce "to".

Cikin daminar casa'in da biyu takalman Almustafa suka gama mutuwa, faci a kan faci. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya ɗora ƙafarsa a kan kirgi Lawali ya zana. Da zai tafi ya tsaya bakin rumfa yana gyara rawani.

"Za ni Afala, sai Alhamis," in ji Almustafa. "Ka taho mini da su masallaci ran Juma'a, in sa su in tai gida."

"To," in ji Lawali.

Ranar Alhamis direban motar da ta taso daga Afala ya iso tasha da mugun labari. Ya ce wasu masu kaki sun tare su a hanya, sun sauke duk mai rawani irin na Buzaye, sun zuba su cikin kamiyo, wato babbar motar kaya, an yi gaba da su. Almustafa yana ciki. A kwanakin nan haka ake yi, a hanya da cikin gari. Ba a tambayar me ka yi. Mutumin da iyakar makaminsa wuƙar fiɗa da butar shayi, shi ma ya zama ɗan tawaye. Ni na kai wa Lawali labarin. Ya ajiye basilla, ya dubi takalman da ya gama, jajaye masu faɗi irin na masu taka rairayi, ya daɗe yana dubansu. Wannan karon ko "to" ɗin bai ce ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen unguwa. Waɗanda suka ci cukun Kadidiya, suka sha shayin Almustafa har suna neman ƙari, su ne yanzu suke cewa ai ba su san shi sosai ba, gaisuwa ce kawai. Tsoro ya kama kowa, na sani, amma tsoron wasu har da rashin kunya a ciki. Masu jam'iyya da suke cika mana kunne da 'yancin ɗan Adam, in ka ambaci waɗanda aka kwashe sai su dubi agogo. Sunan Almustafa ya zama abin da ake faɗa da raɗa, daga baya ma aka daina faɗa.

Ranar Juma'a na ga Lawali da ƙunshi a hammata. A ƙofar masallacin unguwarmu ya tuɓe takalmansa, ya kwance ƙunshin, ya ajiye sababbin kusa da nasa a gindin bango, hancinsu na duban hanya yadda mai fitowa zai zura ƙafa ya wuce. Aka yi salla aka fito, kowa ya lalubi nasa ya tafi. Da ƙofa ta yi fili sai ga takalma jajaye su kaɗai. Ladan ya ɗaga murya yana tambaya ko wani ya manta.

"Na Almustafa na," in ji Lawali. "Shi yac ce in kawo mishi nan."

Waɗanda suka rage kowa ya sunkuyar da kai ya kama gabansa. Lawali ya jira har ba kowa, ya naɗe takalman ya koma da su rumfa. Juma'a ta gaba ya sake kawo su, haka ma wadda ta biyo.

Ba a daɗe ba mai unguwa ya zo rumfa da kansa. Dattijo ne mai son zaman lafiya, irin wanda in gida na ci da wuta zai ce a bari a ga hali. Ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya zo kan magana.

"Lawali, abin ga da ka ka yi, ana magana. Manya sun ji. Siyasa ta, kai kuwa ba ɗan siyasa ba na."

"Ranka shi daɗe, takalmi na," in ji Lawali. "Ƙohwar masallaci ba wurin aje takalmi ba ta?"

Ba wanda ya taɓa jin an hana takalmi zama a ƙofar masallaci. Ba rubutu a jikinsu, ba su tare hanya ba, ba su zagi kowa ba. Mai unguwa ya tashi yana cewa shi dai ya faɗa. Wasu ma'aikata da suka saba kawo wa Lawali aiki suka janye ƙafa, wasu in sun hango shi sai su canza layi.

Sai mata suka fara zuwa. Wata tsohuwa ta fara, lulluɓe da baƙin zane, Hausarta ba ta fita sosai. Ta ciro wani tsohon takalmi ƙafa ɗaya daga cikin zanenta ta miƙa wa Lawali. Na ɗanta ne, Attahiru, wanda aka kwashe tare da Almustafa. Lawali ya juya shi a hannu, ya dubi inda dunduniya ta cinye, ya ɗora a kan kirgi ya zana. Bayanta wata ta zo, wata ma ta zo, kowace da tsohon takalmin mijinta ko na ɗanta ko na ƙaninta. Bai tambaye su komai ba ban da sunan mai shi. Kafin kaka ta wuce ƙunshi ya zama buhu, takalma suka yi layi a gindin bangon masallaci. Duk Juma'a in jama'a ta watse sai ka ga sahu guda na mutanen da ba su fito ba. Wallahi na ga manyan maza sun kasa duban wurin. Har wani sananne da muke da shi a unguwa, wanda takalmin masallaci ba ya tsira a hannunsa, bai taɓa kai hannu ba. Na ce masa ashe yana da kunya, ya ce in rufa masa asiri.

Shekara ta kewayo aka fara sako mutane kaɗan-kaɗan. Attahiru ne na fari da muka gani. Ya zo Juma'a da silifa ta roba, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Da aka sallame Lawali ya kama hannunsa ya kai shi gindin bango ya nuna masa nasa. Attahiru ya zura ƙafa, suka yi masa yawa, don naman ƙafar ma ya tafi. Lawali ya durƙusa a nan gaban jama'a ya tsuke masa maɗaurin. Sai wani ya ce barka, wani ya amsa, kafin ka ce me wuri ya kaure da barka da arziki, har da masu cewa ba su san kowa ba a bara. Daga ranar abin ya zama al'ada. In aka fito aka ga layi ya ragu, an san wani ya dawo, sai a nemi Lawali a yi masa barka kamar shi aka yi wa haihuwa.

A ranar, da mutane suka ragu, Lawali ya tambayi Attahiru abokinsa. Attahiru ya ja rawani ya rufe bakinsa.

"Ba mu kai kaso da shi ba," in ji shi. "Kan hanya anka tsai da kamiyo, anka sauke shi da wasu. Mu anka wuce da mu. Ban ƙara ganinai ba."

"Ka ji wani abu?"

"Injin mota na ƙara, baba. Ban iya rantsuwa."

Lawali ya ce "to", ya ja ta. Ya naɗe sauran takalman ya zuba a buhu.

Layi ya yi ta raguwa har ya koma yadda ya faro, jajayen nan su kaɗai. Shekaru suka yi ta tafiya. Darajar kuɗin sefa ta faɗi, komai ya yi tsada, ma'aikata suna yajin aiki ba albashi, mutane suka koma takalmin roba. Aka yi sulhu da 'yan tawaye, aka yi ta jawabi a rediyo, kowa ya yafe wa kowa. Ba wanda ya zo ya ce ga inda Almustafa yake, ko ga inda aka binne shi. Kadidiya ta bi ofis-ofis har ta gaji, ko'ina a ce ba su da mai wannan suna. Tana saƙar tabarma, tana yi wa mutane daka, da haka ta riƙe kanta da Salima. Lawali kuwa duk Alhamis sai ya ciro takalman ya shafa musu mai don kada fatar ta tsage, Juma'a ya kai su. Na ce masa wata rana, don Allah ya bari, mutumin nan ba ya raye. Ya dube ni ta saman tabarau, ban sake faɗa ba.

Wata Alhamis da hantsi, bayan an shige shekara huɗu, yana cikin shafa man sai ga Kadidiya. Ba ta saba shigowa kasuwa ba. Ta tsaya bakin rumfa, idonta a kan abin da ke hannunsa. Na rage muryar rediyo.

"Malam Lawali, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau, uwar Salima. Zamna."

Ba ta zauna ba.

"Malamai sun ce wa'adin jiran miji da anka ɗibar mini ya cika," in ji ta. "Sun ce in shiga takaba. 'Yan'uwana sun taho daga arewa, suna jira in gama su tahi da mu."

"To."

"Ba ni iyawa, Malam." Ta gyara lulluɓi. "Duk Juma'a ɗiyar ga sai ta tahi ta laɓe bayan itace, ta jira mutane su watse. In ta komo ta ce mini, inna, ba a ɗauka ba, sai wata Juma'a. Ni ma in ce mata sai wata Juma'a. Ta girma cikin jiran ga. Ƙaƙa za ni zamna takabar mutum, takalmanai na ƙohwar masallaci suna jiran shi hito? Duk garin ga kai ɗai ka riƙe mishi wuri, Allah shi saka maka. Amma mu ma ka riƙe mu. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba."

Lawali ya ajiye tsumman man. Maganar da ya yi ita ce mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Ban ga gawa ba, ban bi jana'iza ba. Shi yac ce in kai mishi. In na bar kai su, ni na ce ya mutu ke nan, da hannuna. Waɗanda sunka ɗauke shi ko suna ba su kirawa. In wurin ga ya yi hili, kamar ba a taɓa yin mutum ba."

"An yi shi, kowa ya gani, kai ka sa sunka gani," in ji Kadidiya. "Yanzu addu'a shi ka so. Ba wanda yat taɓa ce mishi Allah jiƙai, ko sau guda, sabadda takalman ga."

Lawali ya sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan fatar da ya gama shafa wa mai, yana sharewa da babban yatsa, wani na sake ɗigowa. Ni ma a bayan zana kuka nake yi, ba na jin kunyar faɗa. Can ya jawo takarda ya naɗe takalman a hankali, ya ɗaure da zaren fata. Kayan mamaci na magadansa ne, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta sa cikin lulluɓi, ta yi godiya ta tafi. Bai sake taɓa aiki ba ranar, bai kuma tafi gida ba, yana zaune har aka tashi kasuwa.

Washegari muka tafi masallaci tare, hammatarsa ba komai. Ni kaɗai na san abin da ya faru, sai shi. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba, shi ma na tabbata bai yi ba. Aka sallame, jama'a ta fara fita, kowa ya saba kai ido gindin bangon nan ko bai yi niyya ba. Wani ya duba ya ga wayam. Ya taɓa na kusa da shi. Sai na ji murya ta tashi daga ƙofa.

"An ɗauka! Almustafa ya komo!"

Kafin mu kai bakin ƙofa magana ta cika masallaci. Mutane na kabbara, wasu na waige-waige suna neman dogo mai rawani. Suka yi caa a kan Lawali, wannan ya kama hannunsa, wancan ya dafa kafaɗarsa. Barka, Lawali! Allah ya yi! Haƙurinka ya biya! Mai unguwa ya kutsa da sandarsa yana dariya yana hawaye, yana tambaya ina yake, a nuna masa shi. Attahiru ya ture mutane ya iso gaba yana haki. Tunda nake ban taɓa ganin unguwarmu cikin farin ciki irin wannan ba, ban kuma taɓa jin zuciyata ta yi nauyi haka ba.

Na buɗe baki zan yi magana a madadin Lawali, ya riƙe mini hannu. Yana tsaye ba takalmi a kan ƙasa mai zafi. Mutane suka lura da fuskarsa, hayaniyar ta fara kwanciya daga gaba zuwa baya, har aka yi shiru.

"Bai komo ba," in ji Lawali. "Ba shi komowa. Almustafa ya rasu. Ku yi mishi addu'a."

Liman ya riga ya zura ƙafa ɗaya a takalminsa, da murmushinsa. Ya zare ta, ya ɗaga hannuwa sama. Muka yi fatiha a tsaye cikin rana, sannan muka bi bayan Lawali zuwa bukkar Kadidiya gaisuwar mutuwa.